Wai dole ne sai an yi wa BIOS ɗin kwamfuta afdet, ko kuwa neman gira ne a rasa ido?

Tambayar nan ta daɗe tana raba kan masu harkar kwamfuta, musamman masu ta kan tebur. Wani zai ce maka kar ka kuskura ka taɓa BIOS in dai kwamfutarka na tashi lafiya, wani kuma ya ce ai kai ne ma ka makara, tun tuni ya kamata ka sabunta. Abun mamaki kowannensu yana da hujja. Shawarar farko ita ce muka gada tun zamanin Pentium, kuma ta yi aiki shekara da shekaru, amma daga 2023 zuwa yanzu an samu wasu abubuwa da suka sa hatta kamfanonin da ke ƙera firosesa da kansu suka fito suna roƙon mutane su yi afdet ɗin, to ka ga kiɗa ya canza. Matsalar ita ce mu a nan muna da wani abu da masu ba da shawarar a Amurka da Turai ba sa sawa a lissafi, wato wuta. Shi ya sa maganar ke buƙatar a warware ta a tsanake.

Shi BIOS ɗin ma mene ne?

Ka buɗe murfin kwamfutarka za ka ga babban faifan nan da komai ke maƙale a jikinsa, firosesa da ram da fanka da wayoyi, shi ne madabod. A wani lungu na jikinsa akwai wani ɗan mitsitsin cif baƙi, yawanci mai ƙafa takwas, bai kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinsa aka rubuta wata manhaja, a madabod na zamani girmanta megabait 16 ne ko 32, ita ce ke fara farkawa da zarar ka danna maɓallin kunnawa. Ita za ta tada firosesa, ta gwada ram, ta duba kibod da SSD, wato ma'ajiyar bayanai, ta ƙayyade yawan wutar da za a ba kowa, sannan ta nemo Windows ta miƙa masa ragama. Kafin ta gama aikinta Windows bai ma san gari ya waye ba.

Sunan BIOS tsoho ne, tun 1975 Gary Kildall ya yi amfani da shi a manhajarsa ta CP/M, sai kwamfutar IBM ta 1981 ta yaɗa shi duniya. A gaskiya ma abin da ke cikin kwamfutocin yanzu ba BIOS ɗin asali ba ne, UEFI ne ya gaje shi, wanda Intel ta faro, daga baya a 2005 kamfanoni suka haɗu suka karɓi kula da shi. Amma baki ya riga ya saba, har su masu madabod ɗin BIOS suke rubutawa a shafukansu, mu ma haka za mu ci gaba da kiransa.

In ka taɓa kai waya a yi mata filashin to ka riga ka fahimci rabin zancen. Afdet ɗin BIOS shi ne a goge abin da ke cikin cif ɗin nan a rubuta sabo. Bambancin kawai, in filashin waya ya tsaya a hanya sau da yawa ana iya sake jona ta da kwamfuta a maimaita, shi kuwa wannan in ya tsaya a tsakiya abin da zai tada kwamfutar ne aka goge rabinsa, fanka za ta yi ta juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ko ɗigo ba za ka gani ba.

Sai wani ruɗani da nake yawan ji. Mutum zai ga kwamfutarsa kullum tana mance kwanan wata da lokaci, sai a ce masa BIOS ne ya tsufa a yi afdet. Ba haka ba ne, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. A canza shi magana ta ƙare.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Tsoron ba na banza ba ne. A shekarun baya da fulofi ake yin aikin, ba wata kariya, in ka sa fayil ɗin da ba na madabod ɗinka ba zai rubuta shi haka nan ba tambaya, shi ke nan an yi asara. Ga kuma ƙwayar cutar CIH da wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta a 1998, wadda ta tashi ranar 26 ga Afrilun 1999 ta lalata bayanan kwamfutoci masu ɗimbin yawa, wasu ma ta goge musu BIOS gaba ɗaya. Duk wanda ya yi zamanin ya tashi da karatun cewa cif ɗin nan ba wurin wasa ba ne. Yanzu abubuwa sun gyaru sosai, madabod na duba fayil kafin ya yarda ya rubuta, wasu suna da hanyar ceto, amma haɗarin yankewar wuta yana nan daram.

Abin da ya sa magana ta canza

Babban dalili shi ne abin da ya faru da firosesocin Intel zubi na 13 da na 14, waɗanda suka fito a ƙarshen 2022 da ƙarshen 2023, irin su Core i9-13900K da 14900K da i7-14700K har da wasu i5. Mutane sun kashe maƙudan kuɗi sun haɗa kwamfuta, bayan wasu watanni sai gem ya fara rufe kansa, manhajar tace bidiyo ta tsaya cak, shuɗin sikirin ya riƙa fitowa ba gaira ba dalili. Wani lokacin ma saƙon da ke fitowa cewa yake ƙwaƙwalwar katin hoto ce ta cika, sai aka yi ta zargin katin alhali ba ruwansa. An daɗe ana nuna wa juna yatsa tsakanin Intel da masu madabod, har sai a watan Yulin 2024 Intel ta amsa cewa firosesan ne ke neman ƙarfin wuta fiye da kima, kuma wannan wutar tana cin sa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya kai ba ya iya aiki daidai.

Gyaran kuma ta BIOS ya zo, domin a cikinsa ake cusa ƙananan umarnin da firosesa ke lodawa duk sanda aka kunna, wanda ake kira maikurokod. An saki mai lamba 0x125 a watan Yunin 2024, 0x129 a Agusta wanda ya hana neman wutar da ta haura bolt 1.55, sai 0x12B a Satumba, sannan aka ƙaro 0x12F a 2025. Intel ta kuma ƙara shekara biyu a kan garantin waɗannan firosesocin. To a nan ne mutane da yawa suke kuskure, afdet ɗin rigakafi ne kawai, ba ya warkar da wanda ya riga ya ci wuta. In naka ya fara faɗuwa to afdet ihu ne bayan hari, sai dai a canza shi. Kuma ku lura da wannan ku masu sayen na hannu, firosesa zubi na 13 ko 14 da aka kawo daga waje da araha mai ban mamaki, tambayi kanka me ya sa mai shi ya rabu da shi, domin garantin nan kafin ka bi shi daga Kano ko Kaduna aiki ne ja.

AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera firosesa, ita ma ba ta tsira ba. A Afrilun 2023 hotuna suka yi ta yawo na firosesarta Ryzen 7800X3D da ya ƙone har ƙasansa ya kumbura ya lalata mazauninsa a madabod, sanadin wuta mai yawa a wani sashe na cif ɗin. Da afdet ɗin BIOS aka tsayar da wutar sashen a bolt 1.3. Kafin nan ma a 2022 sun gyara wata matsala da ke sa sauti da hoto su riƙa sarƙewa na ɗan lokaci a kan Windows, ita ma ta BIOS.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta fi shafar kowa da kowa. A ƙarshen 2023 masu bincike na kamfanin Binarly suka bayyana wata ɓaraka da suka kira LogoFAIL, inda za a iya ɓoye mugun abu a cikin hoton tambarin da ke fitowa lokacin kunnawa, abin da ya shiga ta nan kuwa anti-bairos ba ya ganinsa da sauƙi. Ga kuma takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar a 2011, su ne ke tantance cewa abin da ke tada kwamfuta na ƙwarai ne, wa'adinsu shekara 15 ne, ƙarewarsu ta kama daga Yuni zuwa Oktoban 2026. Akwai sababbi na 2023, yawancin kwamfutoci ta afdet ɗin Windows suke samu, wasu kuma sai an sabunta BIOS tukuna. Ba wai kwamfutar za ta daina tashi ba ne in ba ta samu ba, a'a, za ta tashi, sai dai gyare-gyaren tsaro na matakin kunnawa za su riƙa wuce ta.

Wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya kama kansa?

Ni a ganina tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce, wace matsala ce takamaimai nake so in magance? In za ka iya faɗin sunanta, kuma ka karanta bayanin da ke gefen fayil ɗin a shafin kamfanin ka ga an ambace ta, to bisimilla. Mai Intel zubi na 13 ko 14 wannan ba shawara ba ce, wajibi ne. Wanda zai ɗora sabon firosesa a tsohon madabod shi ma dole, misali madabod ɗin AMD na B450 da aka saya a 2018 ko 2019 ba zai gane Ryzen 5 5600 ba sai an sabunta shi, haka madabod ɗin Intel na B660 ko Z690 na farko-farko da zubi na 13, haka B650 na farko da Ryzen 9000. Kuma ka yi afdet ɗin tun tsohon firosesan yana kai, kar ka sayar da shi a kasuwar Farm Centre ka dawo gida da sabo ka tarar ba abin da zai tada madabod ɗin balle a yi masa aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abin lura a tsofaffin madabod na AM4, wato wani nau'in mazaunin firosesan AMD, masu cif ɗin megabait 16, wuri ya yi musu kaɗan, don haka sabon BIOS kan cire wasu tsofaffin firosesoci don ya sa sababbi, kana gama afdet tsohon naka na iya daina tashi.

Wanda kuma ke fama da ram da ta ƙi gudu a saurin da aka rubuta a jikinta, ko USB mai yankewa, shi ma yana iya dacewa.

Amma wanda kwamfutarsa ke nauyi ya ji an ce afdet na ƙara gudu, malam ajiye kuɗinka ka sayi SSD ko ka ƙara ram, BIOS ba ya mai da jaki doki. Haka masu son Windows 11, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 mutane suka shiga neman mafita. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro mai adana makullan sirri na kwamfuta, kuma a madabod da yawa yana nan a kashe ne kawai, ka shiga saiti ka kunna, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Sai dai akwai sharaɗin firosesa, daga Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Yawancin tokumbo da suka cika shagunan buga takardu da ofisoshinmu, irin su tsofaffin Dell OptiPlex 7010 da 9020 da 7040 ko HP EliteDesk 800 G1 da G2, duk ƙasa da haka suke, ko afdet goma ka yi musu ba za su shiga jerin ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawarin wata dabarar ya yi ta tsallake sharaɗin, ba BIOS ɗin ba ne.

Yadda ake yi, da inda ake zamewa

Farko ka san ainihin sunan madabod ɗinka. Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, za ka ga kamfani da samfuri da lambar BIOS ɗin da ke kai da kwanan watansa. Kar ka tsaya nan, leƙa jikin faifan da idonka, domin sunaye na kama da juna kamar tagwaye, akwai mai WiFi da marar shi, akwai mai DDR4 da mai DDR5, Gigabyte kuma suna rubuta lambar zubi a kusurwa kamar 1.0 ko 1.1 kuma wani lokacin fayil ɗinsu daban-daban ne. In kuma HP ce ko Dell ko Lenovo, da lambar jikin akwatin za ka nema a shafinsu. Daga shafin kamfanin kaɗai ake saukewa, ba daga wani guruf na WhatsApp ko Telegram ba, kuma in ka ga an rubuta beta, wato na gwaji, ka bar shi sai in ba makawa.

Ka samu filash mai lafiya ka yi masa fomat zuwa FAT32, ka warware fayil ɗin daga zif ka zuba a ciki. Ka sake kunna kwamfuta kana danna Del ko F2, a HP F10, a Lenovo F1. Kowane kamfani da sunan da ya ba kayan aikinsa, ASUS na da EZ Flash, MSI M-Flash, Gigabyte Q-Flash, ASRock Instant Flash. Ka zaɓi fayil, ka tabbatar, sannan ka naɗe hannunka. Ni na fi son wannan hanyar a kan yin sa daga cikin Windows, domin can akwai abubuwa da yawa da ke gudana da za su iya sarƙewa, duk da dai su HP da Dell tsarinsu daga Windows ɗin ake farawa sai kwamfutar ta sake tashi ta ƙarasa da kanta.

Kafin duk wannan akwai abu biyu da ake mancewa kuma su suka fi sa mutane kuka. Na ɗaya BitLocker, tsarin Windows na kulle faifan da bayananka ke ciki. Kwamfutoci da yawa yanzu a kulle faifansu yake mai su bai ma sani ba, musamman daga Windows 11 24H2, kuma in BIOS ya canza ko aka share TPM tana iya tashi ta ce sai ka kawo makulli mai lamba 48. In ba ka da shi, bayananka suna nan amma sun fi ƙarfinka, ba mai gyaran da zai buɗe maka. Don haka ka dakatar da BitLocker tukuna, ka kuma duba asusunka na Microsoft ka kwafe makullin a takarda. Na biyu, afdet na mai da saiti yadda ya fito daga kamfani. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka fara, domin bayan an gama XMP ko EXPO, saitin da ke ba ram cikakken gudunta, zai koma a kashe ram ta rage gudu, kuma in Windows ɗinka da tsohon tsari aka sa shi, CSM, saitin da ke tada tsohon tsarin, ya koma a kashe, sai kwamfutar ta ce ba ta ga faifan Windows ba, hankalinka ya tashi alhali saiti ɗaya ne kawai za ka mayar.

Aikin kansa mintuna kaɗan ne, da wuya ya wuce goma. Za ta iya kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku, sikirin ya yi baƙi, a masu DDR5 ma tashin farko kan ɗauki wasu mintuna tana gwada ram. Nan ne mai gajen haƙuri ke cewa ta maƙale ya zare waya, da hannunsa ya kashe ta. Tashi ka je ka sha shayi.

Maganar wuta

Laftof na da batiri, ta tebur kuwa ba ta da komai, ƙiftawar ido ɗaya ta isa. A wurin da ake shekara ba a ɗauke wuta ba wannan ba abin damuwa ba ne, mu kuwa da Nepa ke ɗaukewa ba sallama kuma babban layin ƙasa kan faɗi gaba ɗaya, yin wannan aiki a kan wutar gari tsagwaronta caca ce. Inbata mai cikakken caji ko sola da rana tsaka su suka fi. UPS ma ya yi, amma ka gwada shi tukuna, ka zare shi daga bango kwamfuta na kunne ka ga minti nawa zai riƙe, da yawa batirinsu ya daɗe da mutuwa ƙara kawai suka iya. Janareta kuma a duba mai, a kuma ja kunnen yara kar wani ya jona dutsen guga ko hita, kar kuma a juya layi in an kawo wuta ana tsakiyar aiki.

Wani abu da masu HP da Dell da Lenovo ba su cika sani ba, wani lokacin Windows da kansa yake sauko da afdet ɗin BIOS, kana sake kunnawa sai ka ga tambarin kamfani da wani layi yana tafiya ana gargaɗin kar a kashe. To wannan ba afdet ɗin yau da kullum ba ne, cif ɗin ake rubutawa. Masu shagon kwamfuta da cibiyoyin jarrabawa da ke da injina da yawa ya kamata su gaya wa yaransu, domin yaro na ganin ta daɗe zai danne maɓalli.

In ta mutu fa?

Ba lallai ne a jefar ba. Madabod da yawa na zamani suna da wani ɗan maɓalli a baya kusa da ramukan USB, ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. Da shi ana rubuta cif ɗin ko ba firosesa ko ram a kai, wuta kawai da filash a ramin da aka ware. Sai dai kowanne da sunan da yake so a sa wa fayil, MSI.ROM a MSI, gigabyte.bin a Gigabyte, ASUS kuma suna haɗo ɗan abin canza suna a cikin zif ɗin. Fitila za ta yi ta ƙyaftawa, in ta mutu an gama. In za ka sayi sabon madabod a ƙasar nan, wallahi wannan maɓallin ya fi fitilu masu launi amfani nesa ba kusa ba. HP na da nasu, ka riƙe Windows da B lokacin kunnawa, Dell kuma Ctrl da Esc, a samfuran da ke da tsarin ceton.

In duk babu, sai wurin mai gyaran da ke da na'urar rubuta cif, irin CH341A mai araha da ɗan kilif ɗinta da ke kama ƙafafun cif ɗin, wani lokacin kuma sai an ciro shi da iska mai zafi. A nan ma a yi hattara, wasu cif ɗin bolt 1.8 suke ci ba 3.3 ba, in ba a sa adafta ba ana iya ƙona su. Sannan ka ce wa mai gyaran ya fara karanto abin da ke ciki ya ajiye kafin ya goge, ko da ya lalace, domin a HP da Dell da Lenovo lambar injin da makullin Windows na asali duk a cikin cif ɗin suke, in ya zuba maka fayil ɗin wata kwamfutar kai tsaye za ta tashi amma da lambar wani, sai an dawo an ciro naka daga tsohon an mayar.